Ƙarar da Tabawa Maginiya Ta Kai Ƙasan Teku

Ranar da ɗana ya cika kwana uku da ɓata, tukunyar da na gina da hannuna ta dawo daga teku ita kaɗai, ta zauna a ƙofar ɗakina tana ɗigar ruwan gishiri. Malam, rubuta haka yadda na faɗa. Ni ban yi karatu ba, amma ba a gyara mini baki.

Sunana Tabawa, maginiya ce 'yar maginiya, mutuniyar Jega. Aure ya kawo ni wannan zango na bakin teku, mijin ya mutu ya bar ni da yumɓu. Shida na haifa, biyar suna ƙasa. Mantau ne ya rage, autana. Ya koyi nutso wurin masuntan gaɓar nan, har jirgin masu bincike ya ɗauke shi aiki. Shugabarsu wata Dakta Furera, aikinta bin diddigin wata halitta da mu 'yan zango muke ce wa mai hannu takwas. Ba ta da ƙashi ko ɗaya, kanta kamar salka, zuciyarta uku, jininta shuɗi kamar ruwan marina. Mantau ke ba ni labarinta in yana cin tuwo, ni kuwa in ce ya ci abincinsa ya daina ɗaga mini zuciya.

Dakta ta zo har gidana ta ce halittar tana ƙarewa a gaɓar nan, jiragen kamun kifi sun share ramukan da take yin ƙwai. Tana so in gina tukwane ɗari biyu masu ƙaramin baki, a jera su a ƙasan ruwa su zama ɗakunan haihuwa. Ta ce jan yumɓu kawai, kada a shafa musu komai. Na ce to da baki. Amma tun da uwata ta sa mini yumɓu a hannu, tukunya ba ta taɓa fita gidanmu tsirara ba. Suna fitowa daga wuta da zafinsu na yayyafe su da ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, suka yi baƙi wuluk suna ƙyalli. Da ta tambayi dalilin baƙin, na ce hayaƙi ne. Yarinyar da na haifi sa'arta za ta koya mini gini?

Duk mako Mantau yakan goya tukunyar iska ya nutse, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya duba wadda aka tare a ciki, ya ɗauki hoto ya hau. A mako na bakwai igiyar da ake ɗaura masa ce ta hau, ba shi. Liman da Sarkin Zango suka zo maganar sadakar uku, na ce su nuna mini gawa ko su ba ni wuri. Suna fita tukunyar ta iso, rana tsaka, da azahar.

Hannu ya fito daga bakinta, sai wani, sai wani, har takwas, sannan kai ya biyo kamar ana zuba kunu. Da ta gama fitowa ta fi turmi girma. Ta yi ja, ta yi fari, ta koma launin daɓen ɗakina har sai idanun kawai nake gani.

Ta ce, "Aminci ga 'yar tudu. Ni ce Jakadiyar Magajiyar ƙasan ruwa. Ke ce kika haifi mai nutso?"

Na ce, "Ni ce. Ke ce ɓarauniyar?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce yana raye, yana tsare a ɗakin iska cikin wani jirgi da ya daɗe da nutsewa, kuma gobe za a yanke masa hukunci. An tambaye shi ko yana da mai tsaya masa, ya ce yana da uwa. Fadar Magajiya duka ta cika da mamaki, don ba su taɓa jin mai rai ya ce yana da uwa ba. Shi ya sa aka aiko ta ta gani da idonta. Na ɗaura ɗamara na ce ta wuce gaba, ƙara zan kai.

Ta nuna mini bakin tukunya ta ce nan ce hanya, amma mai ƙashi ba ya bi. Ta sa hannuwanta ta zare mini ƙasusuwa ɗaya ɗaya kamar mai zare ƙaya daga kifi, ba zafi, ta tara su a lungu kamar itacen girki, na ce ta rufe su da zanena kada kaji su tona. Haƙorana uku da suka rage ta bar mini. Ta ce su ma abu ɗaya ne mai tauri a jikinsu, bakinsu mai kama da na aku, duk inda ya wuce sauran jiki zai bi. Na yi bisimilla na zuba kaina a ciki.

Muka faɗa koren ruwa, muka wuce shi zuwa shuɗi, daga nan sai wanda rana ba ta taɓa sani ba. Muka sauka a wani fili mai duwatsu iyakar gani. Jakadiya ta ce rabinsu duwatsu ne, rabinsu masu gadi ne da suka yi shigar dutse, wanda duk ya taka mai gadi ba ya ɗaga ƙafar. Ita ba za ta nuna mini ba. To, wadda ta shekara hamsin tana tsince tsakuwa daga yumɓu ba ta ɓata a nan. Na riƙa ƙwanƙwasa kowanne kamar yadda nake gwada tukunya. Wanda ya amsa, in taka. Wanda ya haɗiye ƙarar, in ce masa sannu da aiki in kewaye. Ɗaya ya buɗe ido ya amsa gaisuwar.

Muna fita filin sai ga dogarai. Waɗannan dangin masu hannu takwas ne amma dogaye, jikinsu kamar mashi, da wasu hannuwa biyu na ƙari masu tsawon igiyar guga. Da baya suke gudu, sahu sahu, fitilu na kunnuwa suna mutuwa a fatarsu. Babbansu, mai ido kamar faifai, ya tare hanya.

Ya ce, "Ke mai zuciya ɗaya, kin ce kin haifa. Ga naki, ɗauki. In kin taɓa wanda ba shi ba, ku biyu kun zama na ruwa."

Suka fesa tawada. Ba ta watse ba, ta tsaya ta yi siffar mutum, har uku. Kowanne Mantau ne, da tsagen goshinsa, da karkataccen kunnensa, kowanne ya miƙo hannu yana cewa Inna. Allah ya sani hannuna ya tafi da kansa, sai da na danne shi da ɗayan. Na dube su da kyau. Duka ukun a tsaye suke ƙiƙam, ido cikin ido da ni.

Na ce, "Ɗana bai taɓa kirana daga tsaye ba. Kwashe baƙin ruwanka ka ba ni hanya."

Siffofin suka narke, dogarai suka dare biyu.

Birnin nasu ganuwarsa ɓawon kaguwa ce da na katantanwa, abin da suka ci suka zubar. Kowa da raminsa, kowa ya ja dutse ya rufe ƙofa. Ba dandali, ba wasan yara, ba tsohuwa a bakin zaure. Jakadiya ta bi da ni ta wata unguwa a bayan gari, sai na ga aikina. Tukwanena ne a jere, baƙaƙe, da lambobin Dakta a wuyansu. A cikin kowace ƙwai na rataye kamar zangarniyar gero, duk sun yi toka-toka sun ruɓe. A bakin kowace tukunya uwa na kwance fari fat, hannuwanta har yanzu a kan ƙwan. Na yi tafiyar da ta kai daga nan zuwa kasuwa ban ji motsin komai ba.

Magajiya tana zaune a bakin kogo, girmanta ya kai rumbu. Ba ta magana sai launi ya fara gudu a jikinta kamar inuwar girgije a kan gona. Aka kawo Mantau cikin wata ƙatuwar kumfa, ya rame, yana ganina ya durƙusa. Ban jira an ba ni izini ba. Na ce an sace mini ɗa yana kan aikinsa na halal, aikin ma don amfaninsu, mutanen da ba su san alheri ba. Na ce a sake shi, a kuma ba ni haƙuri a gaban jama'a. Na faɗi wasu maganganun da ba sai ka rubuta ba.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce an ba su ɗakuna, suka yi murna, matansu suka tare. Duk mako wannan mutum yakan zo ya sa hannu a kowane ɗaki, bayansa kuwa sai mutuwa. Sun ɗanɗana shi tun daga kai har ƙafa ba su ji dafi ba, amma ba su da wani wanda za su riƙe.

Ta ce, "Mu da hannu muke jin abin da ku kuke ɓoyewa da baki. Matso, 'yar tudu."

Ta ɗora mini hannu ɗaya a goshi, ta bi wuya, ta bi kafaɗa, ta sauko hannuna na dama. Tana isa tafin, inda makuba ta rina mini layuka shekara da shekaru, jikinta duka ya yi ja kamar garwashi, sannan ya koma fari kamar toka.

Ta ce, "Ga shi nan."

A take na tuna Sarkawa, masuntan garinmu, lokacin ina yarinya, yadda suke zuba makuba a tafki kifi ya taso ciki sama. Na san wannan tun ban yi wayo ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba, don a wurina tukunya ta mutum ce, mu kuwa mun sha ruwa a cikinta har mun tsufa. Na zo da fushi cike da ciki, na rasa inda zan sauke shi. Na ce to, an sami mai laifi, a saki yaro a riƙe ni.

Fada ta kaure da launi. Magajiya ta tambayi shekarun Mantau, na ce talatin da ɗaya. Ta sa na maimaita. Ta ce su mafi daɗewarsu shekara biyu. Mace in ta yi ƙwai takan zauna a kansu ba ci, tana hura musu ruwa tana share su, ranar da suka ƙyanƙyashe ita kuma ta ƙare. Ba wanda ya taɓa ganin uwarsa, ba wadda ta taɓa sanin abin da ɗanta ya zama. Duk abin da suka sani, kowa da kansa ya koya.

Ta ce, "Kin haifa, kin rayu, kin biyo shi bayan shekara talatin. Mun ga kifin da ya fi jirgi, ba mu ga irinki ba. Amma al'ajabi ba ya goge laifi."

Akwai tukunya ɗaya ja a ƙarshen layi. Na gane ta, ita ce makuba ta ƙare kafin in kai gare ta, na cusa ta a tsakiyar kaya don kada a gani. Ƙwan cikinta na da rai, amma macijin ruwa ya cinye uwar jiya. Magajiya ta ce in zauna a madadinta har su fito, ba ci, ba tashi. In zangarniya ɗaya ta ruɓe, Mantau ba zai ƙara ganin rana ba.

Kwana arba'in na yi a tukunyar nan. In cika baki da ruwa in fesa musu a hankali, in bi su da yatsa ina goge gansakuka, in juya in sake. Na yi azumi tun ina shekara tara, amma azumi yana da magariba. Kaguwa takan zo ta bi ta kan hannuna da gangan, mai ƙiba, in kau da kai. Macijin ya dawo sau biyu. Na farko na toshe bakin tukunya da bayana ya yi ta cizo har ya gaji. Na biyu na kama shi da haƙorana uku a maƙogwaro, ban sake ba sai da ya rantse da abin da yake bauta wa.

Wajen kwana ashirin kowane ƙwai ya yi ɗigo biyu baƙaƙe. Idanu ne. Dubbai, duk suna kallona. Tun ina ƙyamarsu har na fara yi musu magana. Na ba su labarin biyar ɗina da ke ƙasa, da sunayensu, abin da ban taɓa yi da mutum ba. In na taɓa zangarniya sai su yi ja a cikin ɓawonsu, su koma fari. Fatata ta saki, idona ya dushe, na gane abin da matan nan na bakin tukwane suka yi kafin dafina ya cim musu, kuma suna jin ɗacinsa a hannuwansu ba su tashi ba.

Ran na arba'in suka fashe. Kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, da hannuwansa takwas cif. Suka yi sama kamar tartsatsin wuta. Ba wanda ya waiwayo, sai guda ɗaya da ya tsaya daidai hancina ya fesa mini tawadar da ba ta kai kan allura ba, ya bi 'yan'uwansa. Na ce Allah ya raya, marasa tarbiyya.

Aka ɗauke ni zuwa fada don ba na iya motsi. Dattawansu, 'yan wata goma sha takwas, suka ce doka a fili take, wadda ta zauna kan ƙwai ba ta tashi, ga kuma ran mata ɗari biyu ba ɗaya a wuyana. In ba za a ɗauki raina ba, a ɗauki na ɗana. Jakadiya ta matso ta raɗa mini cewa hukunci biyu kaɗai suke da shi, babba da ƙarami, in ƙaramin bai zauna ba sai babban. Magajiya ta daɗe launi na kai da kawo a jikinta.

Ta ce, "Ta yi abin da uwa take yi, ba kuwa nata ba ne. Na yanke mata mafi sauƙin tara, irin wadda muke yanke wa mai satar kaguwa. Hannu ɗaya, wanda ya yi laifin. Kada ki damu, 'yar tudu, wata uku ya tsiro."

Ta ɗago wani hannunta ta nuna mini, sabo, siriri, ya fi sauran haske. Tausayi take yi mini. Wallahi tausayi take yi.

Mantau ya buɗe baki daga cikin kumfarsa. Na yi masa kallon da nake yi masa tun yana rarrafe in ya nufi wuta, ya rufe. In suka ji namu ba ya tsirowa, Magajiya ba za ta yarda ta kira shi ƙaramin hukunci ba, dattawan nan kuwa suna jira. Na dubi hannun. Shi ya gina randar da rabin zangon nan ke shan ruwa, shi ya yi wa biyar wanka ya yi musu sutura. Na miƙa shi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, an gode da sassauci."

Babban dogari ya sa baki sau ɗaya. Jinin ya fito ja, fada duka ta ja da baya, ba su taɓa ganin irinsa ba.

Ta bakin tukunya muka fito ni da ɗana, da hantsi. Jakadiya ta mayar mini da ƙasusuwana ɗaya ɗaya. Da ta gama sai ga ragowa a kan zane, tun daga gwiwar hannu har yatsu, ba inda za a sa su. Ta ce in adana, in sabon ya fito zai buƙace su. Ta yi sallama ta koma. Mantau ya haƙa rami a bayan ɗaki yana kuka, na ce ya yi shiru ya haƙa da zurfi.

Na aika aka kira Dakta Furera na faɗa mata abin da na shafa wa tukwane, ban ɓoye ba. Aka kwashe su. Wata maginiya ta zo ta yi sababbi jajaye, ina zaune ina gyara mata da baki. An tare a cikinsu, an ce har sun fara yawa.

Na yi wata uku, na yi shekara, dungu yana nan dungu. Laifina na biya shi da kwana arba'in, na yarda in ƙara da tara. Amma abin da aka yanke mini aron wata uku ne, abin da aka karɓa kuwa na har abada. Tun da yaro ya tsira, sai na ce a koma a gyara. Na sa Mantau ya tuƙa ni a kwalekwale har kan wurin, na yi ta kira. Wata ta taso, ba waccan ba, ƙarama. Na ce ina Jakadiya, ta ce ita ce. Na ce ina Magajiyar da ta yi mini shari'a. Ta ce ba ta san wata ba sai ta yanzu. Waccan ta yi ƙwai ta ƙare, dattawan sun ƙare, dogarin ya ƙare. Na tambaye ta inda aka ƙyanƙyashe ta, ta ce a wata jar tukunya a ƙarshen layi, su duka 'yan fadar yanzu daga nan suka fito.

Na ce, "Ni na zauna a kanku. Ni na hura muku ruwa."

Ta ce, "Ba a faɗa mana ba, 'yar tudu. Wa zai faɗa mana?"

Na kwance tsumma na nuna mata dungun. Ta ɗora hannu ta ɗanɗana shi a hankali, ta daɗe, sannan ta ce in ƙara haƙuri, zai tsiro. Ta nutse.

To, Malam, ƙarata ke nan, kuma ban janye ba. Alƙalin ya mutu, shaidu sun mutu, magadansu ba su gaji komai ba. Ka rubuta da tawada mai kauri, a naɗe a sa a jar tukunya, Mantau ya kai musu, ko wani zai shafa ya ji. Ga shi can yana jira a waje. Shi yake ɗaura mini ɗankwali yanzu, kullum a karkace, kullum sai na zage shi, shi kuwa yana durƙushe yana dariya. In na ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na gani, hannun da ya rage ya bi ɗan'uwansa.